Madubin Likita Da Iyakar Ganinsa

Duk wanda ya taɓa kai majinyaci asibiti, ko a Nguru, ko a Gashuwa, ko a wani gari na ƙasar nan, ya san ɗakin nan da akan tura mutum a ɗebi jininsa ko fitsarinsa ko kakinsa. Ya kuma ga malamin gwaji a sunkuye bisa wata na'ura, yana murɗa ta a hankali. Wannan na'ura ita ce madubin likita, wadda Turawa ke kira maikuroskof. Jama'a da yawa sun ɗauka cewa aikin madubin nan shi ne ƙara wa abu girma kurum, saboda haka wanda ya fi ninka girma shi ne ya fi kyau, kuma babu wata cuta da za ta ɓuya masa. Duka biyun ba haka suke ba. Madubi yana da iyakar da ba ya tsallakewa, abubuwa biyu ne kuwa suka kafa masa ita: yadda aka ƙera gilashinsa, da kuma irin hasken da ake duba abin da shi. An rubuta wannan bayani domin majinyata da masu jinya, da ɗalibai, da kuma waɗanda aka ɗora wa nauyin sayen kayan aiki na ƙananan asibitoci.

Girma daban, bayyana daban

Mutumin Kumagannam, ta Ƙaramar Hukumar Yusufari, in ya tsaya a bakin gari da dare ya hango wuta tafe daga nesa, ba zai iya cewa babur ne ko mota ba. Wuta ɗaya yake gani. Sai abin ya matso, sa'an nan wutar ta rabu biyu, ya tabbata mota ce. Fitilun nan biyu ne tun asali, idonsa ne bai iya raba su ba. To, wannan ikon raba abu biyu da ke kusa da juna, har a gan su biyu, shi za mu kira tantancewa a cikin wannan bayani, kuma shi ne ainihin ƙarfin kowane madubi.

Ƙara girma wani abu ne dabam. A ɗauki ɗan hoton fasfo da ya fito dishi-dishi, a kai wa mai hoto ya buga shi girman ƙofar ɗaki. Kan mutumin zai yi girma, amma gashin girarsa da bai fito a ƙaramin ba, ba zai fito a babban ba. Dishin ne kaɗai aka ƙara wa girma.

Lafiyayyen ido yana iya raba ɗigo biyu da ke da tazarar kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. Abin da ya gaza haka sai da taimakon gilashi. Domin mu iya auna irin waɗannan ƙananan abubuwa, a yanka milimita ɗaya gida 1,000, kowane yanki sunansa maikuromita. A sake yanka maikuromita gida 1,000, kowane yanki sunansa nanomita. Kaurin silin gashin kai wajen maikuromita 70 ne. Ƙwan tsutsar tsargiya tsawonsa maikuromita 110 zuwa 170. Jar ƙwayar jini faɗinta 7 zuwa 8. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, sa'ad da take ƙarama mai siffar zobe a cikin jar ƙwayar jinin, ba ta wuce 1 zuwa 2 ba. Ƙwayar tarin fuka tsawonta 2 zuwa 4, kaurinta kuwa bai wuce rabin maikuromita ba. Ƙwayar shan inna ita ko nanomita 30 ce kacal. Mai karatu ya riƙe waɗannan lambobi, gama za mu komo kansu.

Nisan matattarar haske

Tun wajen shekaru dubu da suka wuce, Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya zauna a Alƙahira ya rasu a can wajen shekarar 1040, ya tabbatar a cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, sa'an nan a gani. Aikin gilashi mai tudu a tsakiya shi ne ya tanƙwara wannan haske ya tara shi wuri ɗaya.

Kowa na iya gwada wannan a tsakar gida. A samo tabarau irin na karatu da dattawa ke sawa, a riƙe shi a rana bisa farar takarda, a riƙa ɗagawa ana saukewa har hasken ya tattaru ya zama ɗan ɗigo mai zafi. Wurin nan shi ne matattarar haske, tazarar da ke tsakaninsa da gilashin kuwa ita ce nisan matattara. Lambar da ke manne a jikin tabarau wannan nisa take faɗa: mai +2.00 yana tara haske a santimita 50, mai +4.00 a santimita 25. Watau gwargwadon tudun gilashi, gwargwadon gajartar nisan matattararsa, gwargwadon kuma yadda yake ƙara girma. Sai dai a kula, kada kowa ya kuskura ya dubi rana ta cikin gilashi, gama wannan ɗigon da ke ƙona takarda haka zai ƙona cikin ido.

Wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni fan Lewenhuk, shi ne ya fara cin moriyar wannan sirri sosai. Ya riƙa goge 'yan gilasai ƙanana kamar ƙwayar gero, masu gajeren nisan matattara ƙwarai, har a shekarar 1676 ya ga halittu masu motsi a cikin ɗigon ruwa, waɗanda a yau muke kira bakteriya.

Madubin asibiti na yau yana da idon sama, inda malami ke sa idonsa, da idanun ƙasa uku ko huɗu da ke bisa wani faifai mai juyawa. Idon ƙasa mai ninki 10 nisan matattararsa wajen milimita 16 ne. Mai ninki 40 wajen milimita 4. Mai ninki 100 bai cika milimita 2 ba. Idon sama yakan ƙara ninki 10 a kan kowanne, shi ya sa ake cewa madubin yana kaiwa ninki 1,000.

A nan ne fa mutane kan ɓata lissafi, har da waɗansu masu karatu. Gajartar nisan matattara tana ba da girma, gaskiya ne, amma babban amfaninta shi ne tana ba gilashi damar matsawa kusa da abin da ake dubawa. Sa'ad da haske ya bugi ƙaramin abu, warwatsuwa yake yi ta ko'ina, kamar yadda hatsi ke fantsama in mace tana sheƙa. Ƙwaryar da aka tara kusa da hannunta za ta kama kusan duka, alhali kuwa ƙwaryar nan in aka ajiye ta can nesa, kaɗan za ta samu. Masana sun gano cewa labarin ƙananan siffofin abu, watau bakinsa da zanensa da 'yan ɗigoginsa, yana cikin hasken nan ne da ya fi fantsama gefe. Gilashin da ya rasa wannan haske na gefe ya rasa labarin, ko da za a ninka hotonsa sau dubu goma. Saboda haka abin dubawa shi ne faɗin gilashi in aka gwada shi da nisan matattararsa. Gilashi biyu masu nisan matattara ɗaya, girma ɗaya za su ba da, amma wanda ya fi faɗi shi zai fi tantancewa.

Masu ƙera madubi sun sa wa wannan lamba, za mu kira ta lambar kamun haske, kuma a zane take a jikin kowane idon ƙasa, dab da lambar ninki. Galibi za a ga 10/0.25, da 40/0.65, da 100/1.25. Ta farkon ita ce wadda 'yan kasuwa ke tallatawa, ta biyun kuwa ita ce wadda ke aiki.

Masu ɗaukar hoto sun san wannan al'amari ta wata fuska. Lambobin nan da ke jikin kyamara, irin su f/2 da f/16, nisan matattara ne aka raba da faɗin ƙofar da haske ke shiga. A f/2, ɗigo mafi ƙanƙanta da gilashi marar aibi zai iya zanawa faɗinsa bai kai maikuromita 3 ba, a f/16 kuwa ya wuce 20. Haka nan mai wayar hannu da ke jawo hoto da yatsu biyu, galibi dishi yake faɗaɗawa, kamar mai hoton fasfo.

Zangon haske

Masu sauraron rediyo sun saba jin mai shela yana cewa ana kama tasha a gajeren zango mita 49 ko mita 25. Wannan awo tazara ce tsakanin tudun igiya ɗaya da tudun mai bi mata. To, haske ɗan'uwan igiyar rediyo ne, sai dai zangonsa gajere ne matuƙa. Hasken da idon ɗan Adam ke gani zangonsa daga nanomita 400 ne zuwa 700. Shuɗi yana wajen 450, kore wajen 550, ja wajen 650. Bambancin launi ba kome ba ne illa bambancin zango.

Me ya haɗa zango da tantancewa? Masuntan tafkin Nguru sun ga amsar da idonsu. In igiyar ruwa ta taho ta tarar da kwalekwale, sai ta karye, bayansa ya yi lumui, ko makaho ya sa hannu a ruwan zai san akwai abu a gaba. In kuwa ta tarar da karan kachalla guda ɗaya, sai ta zagaye shi ta haɗe, ta wuce kamar babu kome. Igiya ba ta ba da labarin abin da ya fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Haka ma haske yake. Wani masanin taurari na Ingila, Joj Eri, ya nuna a shekarar 1835 cewa ko gilashi ya kai ƙarshen kyau, ba zai mai da ɗigon haske cikakken ɗigo ba, sai ɗan tabo mai zobba kewaye da shi. Tabo biyu in suka hau juna da yawa, sun zama ɗaya, daidai da fitilun motar nan.

Wanda ya tsara ƙa'idar domin madubin likita shi ne Ernst Abbe, malamin jami'a a garin Jena ta ƙasar Jamus, wanda ya yi aiki da maƙerin madubai Carl Zeiss. A shekarar 1873 ya buga ta, ga ta kuwa a sauƙaƙe: a ɗauki zangon haske, a raba shi da ninkin biyu na lambar kamun haske. Abin da ya fito shi ne tazara mafi ƙanƙanta da madubin zai iya rabawa.

Bari mu gwada da koren haske, mai zango 550. Ido mai ninki 10 lambarsa 0.25 ce, ninkinta biyu 0.5, sai 550 raba 0.5 ya ba mu nanomita 1,100, watau maikuromita ɗaya da ɗan ɗoriya. Ido mai ninki 40 yana ba da wajen 420. Ido mai ninki 100 yana ba da 220. In aka sauya haske zuwa shuɗi, wannan 220 za ta sauko 180, in aka koma ja sai ta hau 260. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ake ɗora ɗan shuɗin gilashi bisa fitilar madubi, ko da yake babban aikinsa shi ne gyara rawayar hasken ƙwan lantarki domin launin rini ya fito daidai. Ribar sauya launi kaɗan ce in aka gwada ta da ribar sauya gilashi, amma a bakin iyaka kaɗan ɗin ma abin so ne.

Saura batun mai. Tsakanin gilashin da aka shafa jini a kai da idon madubi akwai iska, haske kuwa in ya fito daga gilashi zuwa iska sai ya karkace waje, na gefen ya ɓace. Muddin iska ce a tsakani, lambar kamun haske ba za ta kai 1 ba. Shi ya sa malami ke ɗiga wani mai na musamman, wanda ke tanƙwara haske daidai da yadda gilashi ke yi, ya tsoma bakin ido mai ninki 100 a ciki. Sai haske ya wuce sak kamar a cikin gilashi guda yake tafiya. Har wa yau a cikin man nan zangon haske yakan gajarce, koren da ke 550 a iska ya koma wajen 360. Abbe da Zeiss sun fitar da irin wannan ido a shekarar 1878. Da shi Robert Koch ya yi aiki har ya bayyana ƙwayar tarin fuka a Balin ranar 24 ga Maris, 1882. Shi kuwa Alfons Laberan, likitan sojan Faransa da ya fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a garin Kustantina ta Aljeriya a shekarar 1880, da busasshen ido mai ninki 400 ya gan ta, likitoci da yawa suka ƙi gaskata shi. Sai da masanan Italiya suka duba da madubai masu mai, bayan 'yan shekaru, sa'an nan gardama ta kwanta.

Abin da wannan ke nufi ga majinyaci

Ƙasar da kogin Haɗeja da na Jama'are suka malala a cikinta kafin su zama Komadugu Yobe ƙasar albarka ce, ta kifi da shinkafa, amma kuma ƙasar sauro ce da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Saboda haka gwaji biyu ne suka fi shafar mutanen wannan yanki, kuma sun sha bamban wajen wuya.

Tsargiya, wadda likita Tiyodo Bilhaz ya gano tsutsarta a Alƙahira a shekarar 1851, ba ta wahalar da madubi. Ƙwanta ya ninka iyakar ido mai ninki 10 fiye da sau ɗari, har 'yar ƙayar da ke ƙarshensa ana gani. Abin da ake bukata daga iyaye shi ne su daina ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro, su kai shi a duba. Fitsarin da aka ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da ƙarfe 2 na rana shi ya fi ɗauke da ƙwai.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa aikin ido mai ninki 100 ne da mai. Zoben nan maikuromita ɗaya ko biyu ne, kuma ba ganinsa kaɗai ake so ba, ana son a rarrabe jan ɗigonsa da shuɗin jikinsa, domin kada a ɗauki datti ko gurɓin rini a ce cuta ce. To, gajeren nisan matattara yana da nasa haraji. Filin da idon ke nunawa a lokaci guda faɗinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne. Dole malami ya riƙa turawa fili bayan fili, kuma ƙa'ida ita ce ya duba aƙalla fili 100 kafin ya rubuta cewa bai ga kome ba. Kafin nan ma sai jinin ya bushe, an rina shi da rinin Giemsa na tsawon minti 10 zuwa kusan awa ɗaya, bisa ga ƙarfin haɗin. Wanda ya taso daga Kumagannam ko wani ƙauye mai nisa da sassafe, yana ɗokin komawa kafin motar kasuwa ta tashi, ya sani cewa jiran nan ba wulaƙanci ba ne. A ganinmu sakamakon da aka miƙo cikin minti biyu shi ya fi cancanta a yi shakkarsa, sai fa in da ɗan katin gwajin nan take aka yi, wanda ba ya aiki da gilashi ko kaɗan, shi ma kuwa yana bukatar kamar minti 15 zuwa 20. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a ba da maganin wannan zazzaɓi sai an tabbatar da shi ta ɗayan hanyoyin nan biyu.

In malami ya ce bai ga kome ba, alhali jikin yaro zafi rau, kada a ce bai iya aiki ba. Ƙwayoyin da ake kira bairos, irin na shan inna da shawara da ciwon hanta, faɗinsu nanomita 30 zuwa 50 ne, iyakar madubi kuwa wajen 200. Na zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa ta Borno a shekarar 1969, ya ɗan fi su girma, amma shi ma yana ƙasa da iyaka. Su ne karan kachallan nan da igiya ke zagayewa. Ba a ga siffar bairos ba sai bayan da Ernst Ruska da Max Knoll suka ƙera madubin ilektiron a Jamus a shekarar 1931, wanda zangonsa ya fi na haske gajarta sau dubbai. A shekarar 2014 an ba masana uku lambar Nobel saboda dabarun kewaye iyakar Abbe da haske, amma waɗannan kayan manyan ɗakunan bincike ne. A asibiti, irin waɗannan cututtuka da waɗansu gwaje-gwaje ake gano su, saboda haka sai a koma wurin likita da takardar, kada a zarce kantin magani. Tarin fuka ma, ko da yake ana ganin ƙwayarsa da ido mai mai, sai tana da yawa a cikin kaki, shi ya sa ake amfani da na'urar GeneXpert wadda ke gano ta ko tana kaɗan.

Ga masu saye da masu riƙo

Shugabannin ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin gari da ke saya wa asibitinsu madubi, kada su ruɗu da kwalin da aka rubuta wa ninki 2,000. Ninki mai amfani ba ya wuce kamar sau 1,000 na lambar kamun haske, watau wajen 1,250 ga ido mai 1.25. Abin da ya haura haka holoƙo ne. A nemi ido mai 100/1.25, a tabbata akwai gilashin tara haske a ƙarƙashin teburin madubin, a sayo kuma man da aka yi dominsa tare da shi. Man gyaɗa ko man keken ɗinki ba sa tanƙwara haske daidai da gilashi, na gyaɗa kuma yakan yi danƙo ya bushe a bakin ido. Inda babu lantarki, madubi mai tsinkayar haske yana aiki in an fuskantar da shi ga farin sama ta taga, ban da tsakiyar rana kanta.

Babban abokin gaban madubi a arewacin Yobe shi ne rairayi da ƙurar hunturu. Bakin ido mai ninki 100 bai fi kan allura faɗi da yawa ba, tazararsa da gilashin jini kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ba. Ƙwayar rairayi ɗaya in aka murza ta da gefen riga, ta isa ta karce shi, karcen kuwa ba ya gyaruwa. A fara hure ƙura da ɗan famfon roba, sa'an nan a goge da takardar goge gilashi. A share mai kowace rana bayan an tashi aiki, kada a bari ya taɓa ido mai ninki 40, gama shi busasshe aka yi shi. In an gama, a juyo ƙaramin ido ƙasa, a lulluɓe madubin, a mai da shi akwatinsa.